Sharhi: Idan yaro ya tsaya gaban kotu kan kisan kai

A watan Yunin 2015 Babbar Kotun Jihar Kano da ke zama a Gezawa ta sallami wata yarinya da ake tuhuma da kashe mutum huɗu, cikinsu har da mijinta. Kotu ba ta wanke ta ba, ba ta kuma same ta da laifi ba. Gwamnatin jiha ce ta janye ƙarar, Mai Shari'a Mohammed Yahaya ya ba da umarnin a sake ta, aka naɗe tabarmar shari'ar. Fiye da shekara goma ke nan, amma gardamar da ta tayar ba ta kwanta ba. Takan farfaɗo duk lokacin da aka kama wani matashi bisa zargin zubar da jini, kuma kusan a kowane karo jama'a kan riga alƙali yanke hukunci.

A watan Afrilun 2014 ne abin ya faru, a wani ƙauye na jihar Kano. Mutane suka ci abinci a gidan wani ango mai shekara 35, kimanin mako biyu da ɗaura aurensa. Mutum huɗu suka rasu, har da shi angon, wasu kuma aka kwantar da su a asibiti. 'Yan sanda suka kama amaryar, wadda suka ce shekararta 14, suka shaida wa manema labarai cewa ta amsa laifin zuba shinkafar ɓera a cikin abincin saboda an aurar da ita ga wanda ba ta so. Danginta da na mijin sun musanta cewa auren dole ne. Da aka fara sauraren ƙarar a ƙarshen shekarar, masu gabatar da ƙara suka bayyana cewa hukuncin kisa suke nema, suka kuma kawo wata yarinya 'yar shekara bakwai wadda ta ce ita aka aika ta sayo maganin. Lauyar da ke kare wadda ake tuhuma, daga ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ta ƙalubalanci bayanin amsa laifin, tana mai cewa an yi wa yarinyar tambayoyi babu iyaye babu lauya a kusa da ita.

Sunan yarinyar da hotonta sun zaga duniya a wancan lokaci. Ba za a maimaita sunan a nan ba, saboda dalilin da zai zo a gaba.

Shari'ar ta faɗo ne a daidai lokacin da idon duniya ke kan 'yan matan Arewa. A cikin wannan wata na Afrilu aka sace ɗaliban Chibok, kuma ba a cika shekara guda ba da ce-ce-ku-cen da ya ɓarke a Majalisar Dattawa a watan Yulin 2013 kan sashe na 29(4)(b) na Kundin Tsarin Mulki, wanda ke ɗaukar duk macen da ta yi aure a matsayin wadda ta kai shekarun girma. Sashen yana magana ne kawai a kan wanda ke son ajiye shaidarsa ta zama ɗan ƙasa, amma a bakin jama'a ya zama batun aurar da ƙananan yara. Saboda haka ko kafin a karanta wa yarinyar tuhuma, kowa ya riga ya san ɓangaren da yake.

Ƙungiyoyin kare haƙƙin mata na gida da na waje sun ɗauke ta a matsayin wadda aka fara zalunta, suka nemi a sake ta, a mayar da ita makaranta. A ɗaya ɓangaren akwai waɗanda suka ga cewa an fake da shari'ar ne domin a soki al'ada da addini, suka riƙa tunatar da cewa rai huɗu aka rasa, kuma yarinyar da ta iya shirya irin wannan aiki ta san abin da take yi. Kowane ɓangare yana da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Amma wanda ya bi muhawarar da kyau zai lura cewa kusan dukkanta a kan aure aka yi ta. Mutum ukun da suka ci abincin suka mutu, waɗanda babu ruwansu da wannan aure, sun ɓace daga zancen masu tausayin yarinyar. Masu neman a zartar mata da hukunci mai tsanani kuma ba su tsaya a kan abin da kotu za ta fara dubawa ba: shin doka ta yarda a yanke wa mai shekara 14 hukuncin kisa?

Kotun Gezawa ba ta kai ga amsa wannan tambaya ba. Sashe na 211 na Kundin Tsarin Mulki ya bai wa Babban Lauyan Jiha ikon dakatar da duk wata shari'ar laifi da ke ƙarƙashin dokar jiha kafin a yanke hukunci, kuma da wannan iko aka yi amfani. Masu fafutuka sun yi murna, kuma da alama an tsirar da yarinyar daga abin da ya fi muni. Sai dai janye ƙara ba ya barin komai a rubuce da wani alƙali zai dogara da shi gobe. Ba ya tabbatar da abin da ya faru, ba ya ɗauke da umarnin biyan diyya ga magadan waɗanda suka rasu, kuma ba ya faɗa wa yaro na gaba da za a kama abin da ke jiransa. Wanda labarinsa ya samu masu ɗauka, za a iya janye tasa ƙarar. Wanda bai samu ba, sai yadda hali ya yi.

Akwai misalin wannan a maƙwabciyar jiha. A shekarar 2012 wata Babbar Kotu a Katsina ta yanke wa wata matashiya hukuncin kisa kan mutuwar mijinta, laifin da aka ce ta aikata tana da shekara 13. Kusan babu wanda ya ji labarin a lokacin. Sai da wata ƙungiyar lauyoyi ta ƙasar Faransa ta kai maganar gaban Kotun ECOWAS, wadda ta yanke a watan Yunin 2014 cewa hukuncin kisa kan laifin da aka aikata a ƙuruciya take haƙƙi ne, sannan al'amarin ya ɗauki wata hanya, har daga baya aka sake ta. Wato a daidai lokacin da ake shirin neman ran yarinyar Kano, kotun yankin Afirka ta Yamma ta riga ta faɗa wa Najeriya matsayinta a kan irin wannan hukunci.

Abin da dokokin ƙasar suka ce ba ɓoyayye ba ne, sai dai a warwatse yake. Sashe na 221 na dokar Final Kod, wadda ke aiki a Arewa, shi ne ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe rai da gangan. Wani abin mamaki, a Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ma sashe na 221 ne ya hana a yanke wa yaro hukuncin kisa, ko ma a rubuta shi a kansa, kuma yaro a wannan doka shi ne duk wanda bai cika shekara 18 ba. Dokar ba ta ce a sallami yaron da ya yi kisa ya tafi gida ba. Sashen da ke biye ya bai wa kotu damar ba da umarnin a tsare shi na tsawon lokacin da ta ga ya dace idan laifin mai girma ne, kamar kisan kai ko fashi. Amma dokar 2003 ta tarayya ce, ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata, kuma a 2014 Kano ba ta yi ba. Sai a watan Mayun 2023 aka sa hannu kan dokar kare yara ta jihar.

Ko a wancan lokaci ma, tsofaffin dokokin gudanar da shari'ar laifuka, na Arewa da na Kudu, sun hana yanke hukuncin kisa ga wanda bai kai shekara 17 ba, suka ce a tsare shi har zuwa lokacin da gwamna ya ga dama. Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda ke aiki a kotunan tarayya da Abuja, ta ɗaga shekarun zuwa 18 a sashe na 405. Tun a 1988 kuma Kotun Ƙoli ta soke wani hukuncin kisa saboda alƙalin farko ya yi watsi da shaidar shekarun wanda ake tuhuma ya bi abin da shi ya ƙiyasta, kuma shekarun da ake lissafawa su ne na ranar da aka aikata laifin. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a ƙasar da shari'a kan ɗauki shekaru. Yaron da aka kama yana ɗan 16 zai iya tsayawa gaban alƙali ranar hukunci da gemu da ƙasumba, masu kallo su ga ƙato, alhali doka yaro take gani.

Masu cewa wannan duk tunanin Turawa ne suna da gyara a gabansu. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne abin koyi a ƙasar Hausa, babu ƙisasi a kan yaron da bai balaga ba. Gangancinsa ana ɗaukarsa kamar kuskure, diyya kuma tana hawa kan danginsa. Inda aka rabu shi ne ma'auni: fiƙihu yana duba alamomin balaga, sai idan ba su bayyana ba ake komawa ga shekaru, kuma mashahurin zance a mazhabar shi ne 18. Dokar zamani kuwa shekaru kawai take ƙirgawa. A kan wannan ma'auni, 'yar shekara 14 za ta iya zama mukallafa a wurin malami, ta kasance yarinya a wurin lauya. Saɓani ne na gaske, kuma shi ya kamata a ce malamai da lauyoyi sun zauna a kansa a 2014. Fiƙihu yana da wani abu kuma da shari'ar Gezawa ta rasa gaba ɗaya: yana bai wa magadan mamaci murya, su zaɓi ƙisasi ko diyya ko afuwa. A tsarin Final Kod, ƙara ta gwamnati ce, dangin mamaci 'yan kallo ne ko shaidu. Wani ɓangare na fushin da ake gani a irin waɗannan shari'o'i daga nan yake tasowa.

Yarinyar Kano ta samu masu tausayi saboda labarinta yana da wurin da tausayi zai kama. Gwajin doka na gaske yana zuwa ne idan babu irin wannan wuri. A ƙarshen watan Janairun 2022 aka kama wasu samari huɗu a Abeokuta, babban birnin jihar Ogun, bisa zargin kashe budurwar ɗaya daga cikinsu domin yin tsafin kuɗi. 'Yan sanda sun ce shekarunsu daga 17 zuwa 20 ne, kuma samarin sun ce a Facebook suka ga yadda ake haɗa tsafin. An yi holensu gaban manema labarai, bidiyonsu ya cika wayoyi, sannan aka gurfanar da su gaban kotun majistare aka tsare su. A wannan karo ba a rabu gida biyu ba. Daga Kudu har Arewa murya ɗaya ce, a kashe su kamar yadda suka kashe ta, wasu ma na ganin kai su kotu ɓata lokaci ne.

Fushin yana da tushe, kuma bai tafi a banza ba. A watan Fabrairun 2022 Majalisar Wakilai ta nemi a ayyana dokar ta-ɓaci kan kashe-kashen tsafi, ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ɗora wani ɓangare na laifin kan finafinan Nollywood, kuma a 2024 hukumar tace finafinai ta ƙasa ta sanar da ƙa'idojin taƙaita nuna tsafin kuɗi a finafinai. Amma a cikin duk wannan hayaniya, kaɗan ne suka lura cewa doka ba ta kallon samarin huɗu da ido ɗaya. Wanda 'yan sanda suka ce shekararsa 17, idan hakan ya tabbata, yaro ne a ƙarƙashin dokar haƙƙin yara, wadda Ogun na cikin jihohin da suka karɓe ta. Kariyar da aka nema wa amaryar Kano ita ce dai tasa. Ƙungiyoyin da suka cika kafafen yaɗa labarai a 2014 ba a ji su da irin wannan ƙarfi ba a 2022, kuma ba abin mamaki ba ne, domin babu mai son a gan shi yana kare wanda ake zargi da yanke kan mutum. To amma idan kariyar shekaru sai ga yaron da jama'a ke so, ta tashi daga doka ta koma alfarma.

A nan batun suna yake shigowa. Sashe na 205 na dokar 2003 ya hana wallafa duk wani bayani da zai sa a gane yaron da ake tuhuma. A aikace, da wuya a kiyaye shi. Abin da ya faru a Legas ya nuna illar hakan. A ƙarshen watan Nuwamban 2021 wani ɗalibi na wata makarantar kwana da ke Lekki ya rasu, iyayensa suka ce wasu manyan ɗalibai ne suka yi masa duka. Cikin 'yan kwanaki sunaye da hotunan yara biyar suka bazu a kafafen sada zumunta, aka yi ta kiransu makasa, aka kuma tsare su. A watan Janairun 2022 ofishin daraktan gabatar da ƙararraki na jihar ya ce babu hujjar da za a tuhume su da ita. A watan Afrilun 2024 kotun binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa rashin lafiya ce ta kashe yaron, wadda da an kula da ita da wuri da an shawo kanta. Dangin mamacin ba su gamsu ba, kuma raɗaɗinsu abin fahimta ne. Amma sunayen yaran biyar suna nan a intanet, manne da kalmar kisa, kuma babu kotun da za ta iya goge su.

Jihar Legas ta haramta holen waɗanda ake zargi a gyaran dokarta na 2021, rundunar 'yan sandan ƙasa ma ta sanar da irin wannan hani a 2025. Mataki ne mai kyau, sai dai yanzu ba ɗan sanda kaɗai ke yin hole ba. Duk mai waya a hannu yana iya yi, kuma ɗakunan labarai da yawa kan kwafo abin da ya riga ya bazu da hujjar cewa ai kowa ya gani.

Ba Najeriya kaɗai ta sha wannan ba. A Ingila, a shekarar 1993, yara biyu 'yan shekara goma-goma suka kashe wani yaro ɗan shekara biyu a yankin Liverpool. Alƙalin da ya yi shari'ar ya ba da shawarar su yi aƙalla shekara takwas a tsare. Bayan da aka miƙa wa gwamnati takardar koke mai ɗauke da sa hannun mutum fiye da 270,000, ministan cikin gida Michael Howard ya ɗaga wa'adin zuwa shekara 15. A 1997 kotun ƙoli ta ƙasar, wato alƙalan Majalisar Dattijai, ta ce abin da ya yi ya saɓa wa doka, domin mai yanke wa'adin hukunci bai kamata ya bi kururuwar jama'a ba. A can matsin lamba ya sa an ƙara hukunci, a Kano ya taimaka an janye ƙara. Hanya ɗaya ce aka bi ta fuska biyu, kuma wanda ya yaba ta a ranar da ta yi masa daidai ba shi da bakin kuka a ranar da ta juya.

Akwai kuma abin da masu kiran a rataye ba su cika lissafawa ba. Gwamnoni sun daɗe suna ƙin sa hannu kan takardar zartar da hukuncin kisa, kuma fursunoni fiye da 3,000 ne ke jiran ranar da ba ta zuwa a gidajen gyaran hali na ƙasar nan. Matashin da aka yanke wa wannan hukunci, a mafi yawan lokuta, zama zai yi na shekaru masu yawa a ɗakin masu jiran mutuwa. A watan Disamban 2024 gwamnan Osun, Ademola Adeleke, ya yi afuwa ga wani mutum da aka kama yana ɗan shekara 17 kan fashin da ya haɗa da satar kaji, aka yanke masa hukuncin kisa a 2014. Shekara goma ya yi a wannan hali kafin labarinsa ya yaɗu a kafafen sada zumunta, jama'a su yi ca, gwamna ya waiwaye shi. A nan ma surutun jama'a ne ya yi aikin da ya kamata a ce tsarin shari'a ya yi tun farko.

Duk wannan tanadi na shekaru kuwa yana rataye ne a kan takarda guda wadda miliyoyin yara ba su da ita. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa kashi 57 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. A Legas adadin ya haura kashi 90, a Jigawa da Sakkwato bai kai kashi 25 ba. Idan babu takardar haihuwa, shekarun yaro sukan zama abin da ɗan sanda ya rubuta a takardar tuhuma, ko abin da likita ya ƙiyasta, ko abin da uwa ta iya tunawa, cewa an haife shi shekarar ambaliya ko damina biyu bayan rasuwar hakimi. Shekara guda da aka ƙara a kan takarda tana iya ɗauke yaro daga kotun iyali ta kai shi babbar kotu, daga tsarewa ta kai shi ga igiya. Kuma ɗan talakan ƙauye, wanda ya fi kowa rashin takardar, shi ne ya fi rashin lauyan da zai yi gardama a kanta.

Ko an tabbatar da ƙuruciyar ma, sai a tambayi inda za a kai shi. Shekaru da dama gidajen horar da matasa masu laifi na gwamnatin tarayya uku ne kacal, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta, ga ƙasa mai jihohi 36, kuma an gina su ne domin maza. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ta tanadi a raba matasa da manyan fursunoni, amma gini da ma'aikata da kuɗin ciyarwa ba sa zuwa da sa hannu kan doka kawai. Gidajen tsare yara na jihohi, inda akwai su, suna ƙarƙashin ma'aikatun da kasafinsu ba shi da yawa. Alƙalin da ya samu ɗan shekara 15 da laifin kisa a yau, ya kuma bi doka ya ƙi yanke masa hukuncin kisa, zai rubuta umarnin a tsare shi, alhali ya san cewa a jihohi da dama wurin da zai ƙare shi ne kurkukun manya, cikin waɗanda suka fi shi sanin laifi.